Gajere ba yaro ba: shekarun jan kifin Maman Ummi nawa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, amma don Allah kada a yi mini dariya. Yayana ya tashi daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ya koma Tamale da iyalinsa, ya bar mini jan kifin nan na ado da ake ce wa golfish, a cikin kaskon gilashi mai kama da tukunya. Tsawonsa har wutsiya bai wuce ɗan yatsana na tsakiya da kaɗan ba. Jikinsa ya fara yin fari, jan ya rage a baya da kai kawai. Ummi ta shaƙu da shi, kullum sai ta gaishe shi kafin ta tafi makaranta. Ina so in san shekarunsa. Idan tsoho ne mai jiran kwana, ba zan ɓarnatar da kuɗi a kan babban tanki ba. Idan kuma yaro ne, sai in yi ƙoƙari.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. To ki tambayi yayan naki mana, ai shi ya saya.

Maman Ummi: Hajiya na tambaye shi. Amsarsa ita ce "ai ya daɗe". Na ce shekara nawa, ya ce in bar shi ya ji da kayan da bai gama kwancewa ba.

Ɗan Nima: Anti ki duba ko yana da katin Ghana, ranar haihuwa tana jiki.

Maman Ummi: Ka ga irinta ko? Tun ban rufe baki ba.

Alhajin Magazin: Ku bar yaron nan na Accra da shirmensa. Maman Ummi, kowace dabba da inda take ajiye shekarunta. Ni in na je sayen ragon layya ba na sauraron dillali, baki nake buɗe wa ragon. In ya zubar da na nono ya fidda manya biyu a gaba, ya haura shekara. Huɗu, ya kai biyu ko ya kusa. Ba a yi mini ƙarya a nan. Kifi ma ba zai rasa nasa ba. Akwai mai sayar da su a cikinmu, ya fito ya yi magana.

Mai Kifin Ado: Ga ni Alhaji, ina shago ne. Anti, in dai tsawon yatsa ne, ni a wurina wannan bai wuce wata takwas zuwa shekara ɗaya ba. Irin girman da muke sayarwa ke nan. Mu lissafinmu inci ɗaya kowace shekara bayan shekarar farko. Ki auna shi, ki bar wutsiya, ki gaya mini.

Maman Ummi: Shekara ɗaya kuma? Ai ni da idona na san shi a ɗakin Yaya fiye da haka. Ko azumin bara da na bariya yana nan a kan kabad.

Mai Kifin Ado: To watakila wani ne ya mutu aka sake saya. Mutane suna yi.

Tican Sayans: Salamu alaikum. Na shigo a makare, muna duba takardun yara. Mai Kifi, ka yi mini haƙuri, lissafin inci ɗaya a shekara ba ya aiki, kuma kai ma in ka tuna abin da ka gani a shagonka za ka yarda. Ka ɗauki 'ya'yan uwa ɗaya da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya. Ka sa ɗaya a kududdufin siminti mai faɗi, ruwa mai tsabta, abinci isasshe. Ka sa ɗaya a kaskon da bai fi lita 5 ba, ana canja masa ruwa in an tuna. Bayan shekara biyu na kududdufi zai kai tafin hannu, na kasko yana nan kamar yatsa. Irin mai wutsiya ɗaya yana iya kai santimita 30 in ya sami wuri. Saboda haka girman jikinsa labarin gidan da ya zauna yake ba ka, ba labarin shekarunsa ba. Gajere ba yaro ba ne.

Hajiya Babba: Wallahi Tica ka faɗi gaskiya. Akwai wata a layinmu, in ka gan ta daga baya ka ce 'yar firamare ce, jikokinta bakwai.

Mai Kifin Ado: Ban musa ba Malam, tsumburewa akwai ta. Amma mai saye in ya tambaya dole ka ba shi amsa a tsaye, ba za ka ce masa ya je jami'a ba.

Alhajin Magazin: To Tica, haƙoran fa? Ko kifin ba shi da su?

Tican Sayans: Yana da su Alhaji, amma ba a baki ba. Can cikin maƙogwaro suke, da su yake niƙa abinci. In gidan ya yi tsit wani lokaci har za ka ji ƙaramar ƙara yana tauna. Matsalar ita ce yana zubar da su yana fidda sababbi muddin ransa, ba kamar rago ba da yake canjawa sau ɗaya a jere. Ko da za ka iya leƙawa, ba abin da za su gaya maka.

Abin da masana kifi suke dubawa shi ne ɓawon jikinsa. Kowane ɓawo yana girma tare da kifin, yana ƙara zobe a baki-baki. Lokacin da kifi yake ci yana girma da sauri, zobban suna fita da tazara. In sanyi ya shigo ya rage ci, sai su matsu wuri ɗaya su yi kamar layi mai duhu. Layi ɗaya, sanyi ɗaya, shekara ɗaya ke nan. Mun yi wannan a aji lokacin da nake jami'ar KNUST a Kumasi, da madubin ƙara girma.

Maman Ummi: To Malam in ciro ɗaya in kawo maka? Kana wace unguwa?

Tican Sayans: A'a Maman Ummi, dakata, ban kai ƙarshe ba. Wannan hanya ta ƙasashen da ruwa yake daskarewa ce, inda kifin kududdufi yake kusan daina ci na tsawon watanni. Kifin da yake kan kabad a ɗaki a Aboabo wane sanyi ya gani? Hunturunmu na Disamba da Janairu ɗan sanyin asuba ne, kafin ya ratsa bango ya taɓa ruwan kasko rana ta fito. Zobban za su fito kusan iri ɗaya daga tsakiya har baki. In ma kin ga layi mai duhu, yana iya zama makon da aka yi tafiya aka bar shi da yunwa, ko lokacin da ya yi ciwo. Alhaji zai gane wannan: kamar zoben ƙahon saniya ne, haihuwa da wahala yake ƙirgawa, ba kalanda ba.

Na biyu, ɓawon da ya taɓa faɗuwa ya sake tsirowa tsakiyarsa a shafe take, tarihin farko ya tafi. Na uku, cire ɓawo rauni ne, kuma a ƙaramin ruwa irin wannan rauni yana saurin kamuwa. Kada ki taɓa shi.

Ɗan Nima: Wato karatun jami'a duka ya ƙare a "ban da Kumasi".

Tican Sayans: Akwai wata hanyar da ta fi ɓawo inganci, wani ɗan dutse ne a cikin kunnen kifi, shi ma yana yin zobba. Amma sai an fasa kai ake ciro shi.

Maman Ummi: Innalillahi. Ummi ta ji wannan ai ni za a fasa wa kai.

Hajiya Babba: Ni dai farin da ya yi nake kallo. Furfura ce. Komai in ya tsufa fari yake yi, har akuya.

Mai Kifin Ado: Hajiya a nan kam sana'ata ce, ki bar ni in yi magana. Launi ba ya nuna tsufa yadda kike zato. In aka ƙyanƙyashe su, ba ja ba ne sam. Ruwan ƙasa-ƙasa suke fitowa, kamar ƙananan karfasa, wanda bai sani ba sai ya zubar da su. Sai sun yi 'yan watanni suke fara juyawa, baƙi ya taru a baya ya yi ta janyewa, ja ya fito daga ciki. Wasu sai sun haura shekara, wasu ma har abada ba sa juyawa, waɗannan ba ma samun mai saye. To daga nan kuma ja yana iya komawa fari a kowane lokaci. Na ga ɗan shekara ɗaya da ya koɗe fat. Wanda aka ajiye a ɗaki mai duhu, ba rana, abinci kuma ɓarɓashin burodi, da wuri yake koɗewa. Baƙin nan mai manyan idanu ma, a zafin garin nan sau da yawa komawa yake ruwan lemo, har mai saye ya dawo ya ce na yi masa rini.

Maman Ummi: Ɗakin Yaya kam duhu ne, tagar tana kallon bangon maƙwabta. Kuma na sha ganin yaransa suna jefa masa burodin shayi.

Tican Sayans: Mai Kifi ya yi daidai. Abin da launi zai iya ba mu ɗaya ne kawai: tunda ya riga ya gama juyawa daga ruwan ƙasa, ba jariri ba ne. Shi ke nan. Hajiya ma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, tsofaffi suna koɗewa, amma ba duk mai fari ne tsoho ba.

Maman Ummi, ɗauki hotonsa ta gefe, kusa, da hasken rana ba na waya ba. Ina so in ga ido da marfin kunne.

Maman Ummi: Ga shi. Sai da na yi goma kafin ya tsaya. Wannan ne ya fi fita.

Mai Kifin Ado: Kai. Na janye maganata ta wata takwas. Ku dubi idon, ya yi wa kan girma. Yaro ba ya haka. Kuma wutsiyar ta yi tsawo sosai a kan jikin. Wannan ya daɗe a kasko.

Tican Sayans: Abin da na gani ke nan. Jiki ya tsaya, ido bai tsaya ba. Alamar tsumburewa ce. Kuma in kun ƙara girman hoton, akwai ƙananan fararen ƙuraje a kan marfin kunne da gaban fiffiken ƙirji.

Maman Ummi: Na shiga uku, ciwo ne? Na gan su tun shekaranjiya na ɗauka datti ne.

Tican Sayans: Kwantar da hankalinki. In a nan kaɗai suke, a jere, ba su watsu a wutsiya da sauran jiki kamar an barbaɗa gishiri ba, ba ciwo ba ne. Alamar namiji ce da ya balaga yana neman mace. Suna fitowa su ɓace. Wanda yake ciwo shi ne mai watsuwa ko'ina, kifin kuma ya riƙa goga jikinsa da dutse. Naki yana ci?

Maman Ummi: Ci kamar gara. Da ya ga inuwar mutum ya taso sama yana buɗe baki.

Tican Sayans: To lafiyarsa ƙalau. Kuma yanzu mun sami abu biyu: namiji ne, kuma ya haura shekara ɗaya, don kusan nan ne suke balaga. Iyakar abin da jikinsa zai faɗa ke nan. Ɗan shekara biyu da ɗan shekara takwas duk za su iya zama haka.

Ɗan Nima: Ashe tuzuru ne. Anti a nema masa mata, ni zan yi waliyyi.

Alhajin Magazin: Tsakanin biyu da takwas ai ba amsa ba ce Tica. In mutum ya kawo mini mota na ce masa injin ya yi tsakanin shekara biyu da takwas, ba zai dawo garejina ba.

Tican Sayans: Alhaji mota tana da lamba a jiki. Bari in ba ku labarin da zai nuna muku ba mu kaɗai abin ya gagara ba. Kifin irin wannan da ya fi kowane daɗewa a littafin Guinness sunansa Tish, a Ingila. An same shi kyauta a wasan kasuwar baje koli a 1956, ya mutu a 1999, shekara 43. Da aka zo tabbatar da shekarunsa, ɓawon bai yi amfani ba, saboda a cikin gida ya yi rayuwarsa, bai ga sanyin waje ba. Sai da dangi da abokan gidan suka yi rantsuwa a rubuce cewa kifin nan ne dai tun farko. Kuma da duk shekarun nan bai kai inci 5 ba, launinsa ma ya koma ruwan azurfa. To in Turawa da na'urorinsu sun koma ga shaidun gida, mu ma can za mu koma.

Hajiya Babba: Arba'in da uku! Ya girmi autana. Wallahi ni na ɗauka wata uku suke yi, don jikokina duk wanda aka saya musu ba ya ganin sallah biyu.

Mai Kifin Ado: Ba kwanansu ne gajere ba Hajiya, kaskon ne da ruwan famfo. In an kula da su shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne.

Hajiya Babba: To in shaidu ake nema, ku ba ni wuri. 'Yata, kin yi kuskure tun farko da kika tambayi namiji. Maza ba sa riƙe irin wannan. Matarsa za ki kira. Kuma kada ki ce mata "wace shekara", ba za ta sani ba. Ki ce mata lokacin tana da cikin wa, ko tana goyon wa. Mu haka muke ƙirga komai. Ni ban san shekarar da aka yi mini aure a takarda ba sai da yara suka lissafa, amma na san firjin gidana an saye shi watan da aka canja kuɗi aka cire sifiri huɗu.

Ɗan Nima: Yuli 2007 ke nan Hajiya. Firjin ya isa yin zaɓe.

Hajiya Babba: Kuma yana aiki, ba irin na yanzu ba.

Alhajin Magazin: Hajiya ta kawo hanya. Ni ma janaretona na san na dumso ne, lokacin yawan ɗauke wuta, 2015, ba sai na nemi rasit ba. Maman Ummi ki tuna, lokacin kulle na korona kifin yana nan?

Maman Ummi: Bari in kira matar Yaya. Ina zuwa.

Mai kula da zaure: Kafin ta dawo, masu turo tallan atamfa a tsakiyar magana don Allah ku bari sai Juma'a, ranar talla ke nan. Na goge biyu.

Maman Ummi: Na dawo. Hajiya Allah ya ƙara girma, kamar kina wurin. Ina cewa "goyon wa" ta ce ai cikin autanta ne, Yaya ya sayo su biyu don manyan yaran su sami abin kallo da aka rufe makarantu. Har ta turo mini hoton ranar suna, wanda aka yi a ɗaki mutum bai fi goma ba saboda dokar kulle. Ga kaskon can a bayan mai jego a kan kabad, kifi biyu a ciki. Ta ce bayan sunan da 'yan kwanaki aka ɗauki azumi.

Hajiya Babba: Azumin da aka yi ba tarawi a masallaci. Ba zan manta ba, a tsakar gida muka yi ta bin ɗana.

Tican Sayans: To lissafi ya fito. An rufe makarantu a tsakiyar Maris 2020, kullen Kumasi da Accra ya fara 30 ga Maris, aka ɗage shi 20 ga Afrilu, azumi ya shigo a ƙarshen Afrilun. Ke nan an sayo su a Maris ko farkon Afrilu. Mai Kifi, a hoton sun riga sun yi ja, girman nan wata nawa kuke samunsu?

Mai Kifin Ado: Irin wannan daga wurin masu kiwo, wata huɗu zuwa takwas. Ba ya kai shekara, don ba mai riƙe kaya yana ciyarwa har shekara.

Tican Sayans: Ke nan an ƙyanƙyashe shi a rabin ƙarshe na 2019. Ya girmi autan Yayanki da kamar rabin shekara. Shekarun yaron nawa yanzu?

Maman Ummi: Biyar da rabi. Amma ku tsaya, akwai saura. Ta ce ɗaya ya mutu ranar da babbar 'yarta ta wanke kaskon da omo ta cika da ruwan famfo. Sai Yaya ya sayo wani ya cike, ranar da Kudus ɗan ƙwallon Ghana ya ci Koriya ƙwallo biyu, don murna ya shigo da shi a leda tare da tsire. Daga baya kuma ɗaya ya sake mutuwa lokacin zafi. Na ce wanne ya mutu, tsohon ko sabon? Ta ce ita dai ja ne ya mutu, ja ne ya rage.

Ɗan Nima: 28 ga Nuwamba 2022, uku da biyu. Wannan kam ku tambaye ni, ɗan unguwarmu ne, ranar ba wanda ya yi barci a Nima.

Alhajin Magazin: To an koma gidan jiya. Ko shida ko uku da ɗoriya.

Mai Kifin Ado: Ashe ban yi ƙarya duka ba da na ce ana sake saye.

Hajiya Babba: A hoton sunan ɗaya yana da baƙi a bakin wutsiya, ɗaya ba shi da shi. Na Maman Ummi ba shi da baƙi. In mai baƙin ne ya tsira a wankin omo, to wannan sabon ne.

Mai Kifin Ado: Hajiya baƙin nan shi ne abu na farko da yake gogewa. Saura ne na launin yarinta, wata biyu uku ya tafi. Kada a kafa hujja da shi. Abin da ba ya canjawa tun daga ƙwai har mutuwa shi ne ƙirar jiki da wutsiya. Mai wutsiya ɗaya ba ya wayar gari da biyu, mai biyu ba ya komawa ɗaya. Na hoton suna duka biyun dogaye ne masu wutsiya ɗaya mai baki biyu kamar almakashi. Na Anti ma haka. Anti ki sake kiranta, ki tambaye ta na ranar ƙwallo yaya yake. Kada ki ce launi. Ki ce dogo ne ko mai tumbi, kuma wutsiyarsa a tsaye take ko a baje kamar siket.

Maman Ummi: Kuɗin kirana dai yau sun ga ta kansu. Ina zuwa.

Tican Sayans: Mai Kifi, wannan tambayar ta fi duk abin da na faɗa tun ɗazu. Ni ban kawo ta a raina ba.

Mai Kifin Ado: Malam kowa da inda ya yi karatunsa. Nawa a bakin tanki ne.

Maman Ummi: Ba ta ɗauka ba, amma babbar 'yar ta amsa mini a WhatsApp, ita da ta yi aika-aikar omo. Ta ce na ranar ƙwallo gajere ne mai ƙaton ciki, yana tafiya yana rangaji, wutsiyarsa biyu a baje, har suna ce masa Amarya. Shi ne ya mutu da zafi, ita ta binne shi a bayan bayi. Wanda ya rage tsohon ne, sunansa ma Kulle, ni ban taɓa sani ba.

Mai Kifin Ado: Shi ke nan. Masu tumbin nan dama ba su kai dogayen juriya ba.

Alhajin Magazin: Wato ya sha omo ya rayu, ya sha zafin Maris ya rayu, ya ci burodi shekara biyar. Wannan ba kifi ba ne, ɗan Zango ne.

Tican Sayans: To Maman Ummi, Kulle yana da kamar shekara 6, ko ya gaza da 'yan watanni. A irinsu wannan ba tsufa ba ne, ko rabin hanya bai tabbata ya kai ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, zaman kasko ya riga ya taɓa shi. Ba zai kai girman 'yan uwansa na kududdufi ba, kuma mai yiwuwa ba zai yi kwanansu ba. In ya sami wuri zai ɗan ƙara, jan ma yana iya ɗan dawowa in yana ganin haske.

Maman Ummi: Ke nan tankin ya zama dole. Ni da nake fatan ku ce tsoho ne in huta. Nawa ne girman da ya kamata?

Mai Kifin Ado: Na gilashi mai lita 100 in da hali, da famfon iska. Amma ba sai kin sayi na shago ba, ni da nake sayarwa nake gaya miki. Faɗi ya fi zurfi amfani, don ta saman ruwa iska take shiga, kuma ruwa mai ɗumi irin namu ba ya riƙe iska sosai. Shi ya sa suke mutuwa da zafi a kasko mai ƙaramin baki. Babbar robar wanki sabuwa wadda sabulu bai taɓa ba, ko shuɗin duro da aka raba biyu a kwance, in kin tabbata ba magani aka zuba a ciki ba. Galan Kufuor, jarkokin ɗiban ruwan nan, huɗu ko biyar sun cika shi. Ki ajiye a baranda inda haske yake zuwa amma rana ba ta dukansa kai tsaye.

Hajiya Babba: Ruwa a buɗe a baranda, ba sauro za a tara wa yarinya ba?

Mai Kifin Ado: Tsutsar sauro ai nama ce a wurinsa Hajiya, ko ɗaya ba za ta girma ba. Kyanwa ce abin tsoro, da shi kansa, don dogayen nan suna tsalle. A rufe da raga.

Tican Sayans: Kuma ruwan famfo, daga madatsar Barekese ya zo ko daga ta Owabi, akwai kilorin a ciki. Ki tara a bokiti a buɗe ya kwana ya wuni kafin ki zuba, ko ki sayi maganin da ake ɗigawa. Kada ki riƙa zubar da ruwan duka. Kashi ɗaya cikin uku a mako ya isa. Ranar da za ki canja masa wuri ki haɗa da tsohon ruwansa da duwatsun kaskon ba tare da kin wanke su ba, akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a jikinsu da suke cinye dattinsa. Abinci kuma abin da zai gama cikin minti biyu, sau biyu a rana. Ba shi da tumbin ajiya irin namu, shi ya sa kullum yake kamar mai yunwa, kada ya yaudari Ummi.

Maman Ummi: Ya riga ya yaudare ta. Jiya na kama ta tana marmasa masa ƙosai.

Alhajin Magazin: Duro kam kar ki saya. Akwai wanda muke tara ruwan sama da shi a gareji, na sha ne, ba mai ba gas. Gobe in sa yara su raba shi su goge bakin don kada ya yanki hannun yarinya. Ki turo wani da keke mai ƙafa uku bayan la'asar, kafin cunkoson shataletalen Suame ya taso.

Maman Ummi: Alhaji Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Baban Ummi zai zo da kansa.

Ɗan Nima: Tunda an gama da Kulle, ni ma akwai kunkuru a gidan kakata, ta ce tun zamanin Rawlings yake nan. Tica, shi kuma ina ake dubawa?

Hajiya Babba: Zamanin Rawlings na soja ko na farar hula? Ka fara tambayo ta wannan tukuna.